Ɗauraye gashi da ruwan sama: tambayoyin da matan Sakkwato ke yawan yi

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sai zancen ruwan sama da gashi ya dawo sabo. Wadda ta zo kitso ta tambaya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya, har a gidan suna an sha tare ni da shi. Tambayoyin ba su cika canjawa ba, shi ya sa na tattara su wuri guda, na sa musu lamba don in wata amsa ta jingina da wata a san inda za a koma. Da mata nake magana, amma mai gemu ma zai tsinci nasa.

1. Da gaske ne ruwan sama yana gyara gashi, ko zancen tsofaffi ne kawai?

Tsofaffin sun yi gaskiya, dalilin ne ba su tsaya bayyanawa ba. Goggona, Allah ya jiƙanta, ko tsakar dare hadari ya taso sai ta tashe mu mu fitar da robobi, in mun yi ƙunƙuni ta ce, "Ku dai tara, ruwan ga bai cin sabulu." Maganar ke nan gaba ɗaya. Ruwan sama tururi ne da ya tashi ya bar gishiri da sauran kayan ƙasa a baya, ya dawo kusan wankakke. Babu wani magani ko abincin gashi a cikinsa. Abin da ya ɗara ruwan rijiya da shi shi ne ba ya ɗauke da farar ƙasar da ke manne wa gashi ta sa shi tauri.

Akwai kuma ɗan tsamin da harshe ba ya ji. A ma'aunin pH, wanda 7 ne tsakiyarsa, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa, ruwan sama mai tsabta yana wajen 5.6, saboda iskar kabon da yake haɗiya kafin ya sauko. Gashi da fatar kai kuwa suna tsakanin 4.5 da 5.5. Kowane silin gashi yana da ɓawo da aka jera kamar kwanon rufi, wani kan wani. Abu mai ɗan tsami yana kwantar da ɓawon, mai kanwa-kanwa yana ɗaga shi. In ya kwanta gashi ya yi sheƙi, mataji ya wuce. Wannan taimako ne ƙarami. Babban aikin yana cikin amsa ta 2.

2. To me ke cikin ruwan rijiya da na burtsatse da ke sa gashi tauri?

Sinadarai biyu ne, kalsiyam da magniziyam. Ruwa yana kwasarsu yayin da yake ratsa dutse a ƙarƙashin ƙasa, ƙasar Sakkwato kuwa ba ta rasa su ba. Dutsen farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, kalsiyam ne ginshiƙinsa, kuma shimfiɗarsa ba a bakin masana'antar ta tsaya ba, ta miƙe ta ƙarƙashin ƙasar yankin. Wajen Dange akwai jifsam, shi ma ɗan gidan kalsiyam ne. Rijiyar da ta faɗa cikin irin wannan dutse, ruwanta zai fito garau kamar hawaye, amma ɗauke da kaya.

In sabulu ya gamu da kalsiyam, maimakon ya yi kumfa sai ya koma wani farin abu mai danƙo da ruwa ba ya narkarwa. Shi ne kike gani ya zana zobe a gefen baho bayan wanka. Irinsa ke kwanciya a kai, wanki bayan wanki, har gashi ya dushe, ya yi ƙarfi kamar tsintsiya, ki shafa mai ya tsaya a sama ya ƙi shiga. Namu gashin kuma murɗaɗɗe ne, man da fatar kai ke fitarwa ba ya saurin kaiwa bakin sili, dama can a bushe yake. Ga hunturu ya zo ya ƙarasa.

Sai dai kada a yi wa ruwan gari kuɗin goro. Gida biyu a layi ɗaya a Mabera ko Arkilla za su iya bambanta, don zurfin burtsatsensu ba ɗaya ba ne. Ruwan famfon da ake tacewa daga gulbin Rima daban, na 'yan garuwa kuwa ya danganta da inda suka ɗebo ranar.

3. Ta yaya zan gane ko ruwan gidanmu yana cin sabulu?

Nemo gorar ruwa biyu masu girma ɗaya. Zuba ruwan gidanku rabin ɗaya, ruwan sama rabin ɗayar. Narkar da ɗan sabulun salo ko sabulun wanki na sanda, ki ɗiga ɗigo goma a kowace, ki rufe ki girgiza sau goma. Kada ki yi da omo ko shamfu, su an haɗa su ne don su yi kumfa a kowane irin ruwa, za su ruɗe ki. Gorar ruwan sama za ta cika da kumfa, ruwan ƙasanta ya zauna fes. In ɗayar ta yi kumfa kaɗan, ruwanta ya yi fari-fari kamar an tsinka nono, to ruwanku mai cin sabulu ne.

Butar shayi ma shaida ce: farin ɓawon da ke taruwa a gindinta, da wanda ke toshe bakin famfo, duk kalsiyam ne. Masu auna ruwa suna cewa in bai kai miligiram 60 a lita ba ruwan mai laushi ne, in ya haura 120 ya yi nauyi, in ya wuce 180 ya yi nauyi ƙwarai. Kada ki dogara da ɗanɗano. Zartsi daban, cin sabulu daban. Akwai ruwa mai daɗin sha da ba ya barin kumfa ta tashi. In gorar biyu sun fito iri ɗaya, ki huta da jan duro, matsalar gashinki tana wani wuri, ki duba amsa ta 19.

4. Wankin duka zan yi da shi, ko ɗaurayar ƙarshe ta isa?

A watan Agusta da ruwa ke neman wurin zuwa, yi duka da shi. In tsimi kike yi, ɗaurayar ƙarshe ta isa muddin da shamfu kika wanke. Wanke kanki da ruwan da kika saba, ki fitar da kumfar tas, ki matse, sannan ki ɗauko lita 3 zuwa 5 na ruwan sama ki riƙa zubawa da kofi a hankali, daga goshi zuwa ƙeya, kina buɗe gashin da yatsu don ya kai fata. Kada wani ruwa ya biyo bayansa. Tsane da tsohon zanen auduga maimakon tawul mai kaushi, ki shafa man kaɗe tun da sauran danshi. Mai wanki da sabulun salo lissafinta daban ne, yana amsa ta 13.

Abu ɗaya da ke tayar wa sababbi hankali: santsi. Za ki yi ta zuba ruwa kina jin kamar sabulun bai fita ba. Ya fita. Kin saba ne da ƙarar "ƙiii" da gashi ke yi a ruwa mai nauyi, kina ɗauka tsabta ce, alhali ƙarar abin da ya manne ce. Ki dai rage sabulu zuwa rabin yadda kika saba, don a ruwan sama kaɗan ke yin aikin mai yawa.

5. Me ya sa ake cewa kada a yi amfani da ruwan farko?

Daga Oktoba zuwa Mayu rufin ɗakinki bai ga ruwa ba, wata bakwai ko fiye. Ƙurar hunturu ta kwanta, tantabara da ƙadangare da jemage sun yi abin da suka yi, ganyen dogonyaro ya ruɓe a indararo, hayaƙin janareta da na ƙona shara ya bar baƙi. Ruwan farko wankin rufi yake yi. Ƙari a kan haka, a nan yakan zo ne bayan jar guguwa, ya wanko ƙurar da ke sararin sama ya sauko da ita. Wata shekara zumuɗi ya ɗebe ni na ɗauraye kaina da shi don na ga ya kwanta ya yi haske. Kwana uku ina susa, sai da na kwance sabon kitso.

Ki bar ruwa biyu ko uku na farkon damina su tafi, ko ki tara don ban ruwan shuka da wankin tsakar gida. Bayan nan ma, duk ruwan da ya sauko ki bar na minti 10 zuwa 15 na farko ya zube kafin ki kanga bokiti, in an yi mako ba a samu ruwa ba ki ƙara jinkiri. Farin kofi shi ne alƙali: tari kaɗan ki duba, in ba launi ba ƙasa a gindi, sai ki fara tara.

6. Wane irin rufi ya fi? Namu soro ne.

Kwanon alminiyam da kwano mai fenti na zamani su ne kan gaba, sai farin kwanon da bai yi tsatsa ba. Wanda ya yi tsatsa yana ba da ruwa ja-ja mai ƙarnin ƙarfe, kuma shi ma yana sa gashi kaushi, ya ɓata farin ɗankwali. Soron ƙasa da na daɓen siminti kuwa, ruwan indararonsu ya riga ya kwaso ƙasa da farar ƙasa, wato ya ɗauko abin da kike gudu. Na rufin ciyawa yakan fito kamar ruwan shayi. In rufinku na asbesto ne, kada a hau a kankare shi da sunan wankewa, ƙurarsa ce ke illa ga huhu.

Mai soro ba ta rasa mafita ba. Ɗora manyan robobi masu faɗin baki a kan benci a tsakiyar gida, nesa da inuwar bishiya da bakin katanga, ruwa ya faɗa musu kai-tsaye. A ƙasa in kika ajiye su, ruwan da ke dukan ƙasa zai fallatso laka ciki. Ba ya yawa, amma ya fi kowanne tsabta. Wasu suna ɗaure sabuwar leda mai faɗi ta kusurwa huɗu, su bar tsakiyarta ta lotsa zuwa bokiti.

7. Ruwa nawa zan iya tarawa, nawa kuma nake buƙata?

Lissafin mai sauƙi ne: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɗaki mai mita 4 tsawo mita 4 faɗi murabba'i 16 ke nan. In aka yi ruwa guda mai kyau na milimita 20, rufin ya karɓi lita 320. Cire wanda ya zube da wanda kika bari da gangan, za ki tsira da wajen lita 250, jarka 10 masu cin lita 25. Sakkwato kuwa tana samun milimita 600 zuwa 700 a matsakaiciyar shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Ruwa ba shi ne matsala ba, mazubi ne.

In kina wanke kai sau ɗaya a mako biyu, daga Oktoba zuwa Mayu wanki 17 ne ko kusa da haka. Lita 5 kowane wanki, lita 85. Jarka huɗu sun fitar da mace ɗaya rani. Mai 'yan mata uku sai ta ninka.

8. A me zan adana shi, kuma zai kai wane lokaci?

Jarka mai murfi ko baƙin tankin roba, a inuwa. Haske ne ke raya gansakuka, don haka farar jarka mai nuna ciki ki lulluɓe ta da buhu. Jarkar mangyaɗa ki wanke ta da ruwan zafi da omo har sai ƙarnin ya fita. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur, gas, maganin feshi ko wani sinadarin da ba ki san asalinsa ba, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Randa tana da sanyi, amma tana tsatsafo, kafin Disamba rabi ya tafi. Ta dace da na amfanin mako. Tankin siminti, musamman sabo, yana sakin farar ƙasa cikin ruwa ya mayar da shi mai nauyi, aikin baya ke nan.

Kafin ki ɗura, bar ruwan ya kwana ya kwanta, ki tsiyaye na sama ta ƙyallen tatar koko ninki biyu, ki zubar da na gindi. Cika jarkar har baki ki ɗaure. Na ajiyar rani ki tara shi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin rufi ya wanku sarai. In aka yi haka yana kai watanni da dama. Ki buɗe jarka ɗaya ki gama da ita kafin ki taɓa wata, kuma tsiyayowa za ki yi, ba tsoma hannu ko kofi ba.

9. Na ga tsutsar sauro a ciki, wani kuma ya yi kore. In zubar?

Tsutsar sauro ba ta cutar da gashi, gidan take cutarwa. A zafin nan namu kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai cizo, kuma damina ce lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Tace ruwan, ki juye tsutsotsin a busasshiyar ƙasa cikin rana, ki wanke mazubin ki rufe shi da murfi ko ƙyalle a ɗaure. Wanda ya yi ɗan kore, in ba wari, tacewa da tafasawa sun gyara shi. Wanda ya yi wari ko yauƙi kuwa, ruwa ba ya tsami banza, wani abu ya mutu ko ya ruɓe a ciki. Zubar.

10. Sai na tafasa? Alam ko 'ya'yan zogale fa?

Sabon ruwa mai tsabta da lafiyayyen kai, ba dole. Wanda ya yi makonni a ajiye, ko za a yi wa yaro, ko akwai ƙurji ko tsagewa a fatar kai, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, a bar shi ya huce. Alam da dakakkun 'ya'yan zogale laka suke kwantarwa, alam kuwa ba ya cire kalsiyam. Wannan kuskure ne da ya yaɗu: mace ta jefa alam a ruwan rijiya, ta ga ya yi garau, ta ɗauka ya zama kamar na sama. Gwada shi da gora kamar yadda ke amsa ta 3 ki gani.

11. Yana sa gashi tsawo?

A'a. Gashi daga cikin fata yake tsirowa, kimanin santimita 1 a wata, kuma gado da abinci da lafiyar jiki ke tafiyar da shi. Ko da me kika wanke, daminar wata huɗu santimita 4 ce ko kusa. Abin da ke faruwa shi ne gashi mai laushi ba ya karyewa a mataji kamar mai tauri, sai abin da ya tsiro ya zauna. Ga kuma danshin iskar damina yana nasa aikin, ana ba ruwan sama lada shi kaɗai.

Masu firgita da ganin gashi a mataji ranar tsifa, ku kwantar da hankali. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Kitson da ya yi mako uku ya riƙe fiye da sili 1,000 da suka riga suka saki, ranar tsifa suke fitowa tare. Mai jego kuma gashinta yakan zube sosai daga wata na biyu zuwa na huɗu bayan haihuwa, ya dawo da kansa. Goshin da ya cinye kuwa, a tambayi mai kitson da ke ja har gira ta ɗage. Ruwan sama ba ya biyan wannan bashin.

12. Yana maganin amosani da ƙaiƙayi? Makero da kwarkwata fa?

In farin garin da ke zuba daga kanki ragowar sabulu ne da farar ƙasa, za ki ga ya ragu bayan wanki biyu ko uku. Amosani na ainihi kuwa, mai maiƙo da ke dawowa kwana kaɗan bayan wanki, wani ƙwayar cuta ne dangin yis da ke rayuwa a man fatar kai. Shi shamfu mai ketokonazol ake nema a kemis, a bar shi minti 5 a kai kafin a ɗauraye, kuma a rage lafta mai a fata. Makero a kan yaro sai maganin sha na makonni daga asibiti, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi. Kwarkwata ba ruwanta da irin ruwan da kika zuba mata.

13. Da sabulun salo nake wanki, wani lokaci karkashi ko magarya. Ya dace?

Mai sabulun salo ita ta fi kowa cin ribar ruwan sama. Sabulu ne na ainihi, na toka da mai, irin wanda kalsiyam ke kamawa nan take. Don haka gare ki ɗaurayar ƙarshe kaɗai ba ta wadatar ba, domin danƙon ya riga ya haɗu tun a kumfar farko. In ruwan kaɗan ne, ki kashe shi a wurin jiƙa kai da sabawa da fitar da kumfa. Sabulun kuma yana da kaifin kanwa, saboda haka ki narkar da shi a ruwa tukun maimakon goga dunƙulen a kai, ki rufe da ɗaurayar tsamiya da ke amsa ta 18.

Karkashi da ganyen magarya sun fi sauƙin hali. Jiƙa karkashi a ruwan sama mai ɗumi har ya saki yauƙi, ki tace sosai, in ba haka ba ki wuni tsintar ganye a kai. Yauƙin yana warware cukurkuɗaɗɗen gashi fiye da yawancin abin da ake sayarwa a kwalba. Magarya tana ɗan kumfa ta wanke datti ba tare da ta busar ba. Lalle ma in da ruwan sama aka kwaɓa shi ya fi laushi.

14. Na sa rilaksa. Zan iya?

Za ki iya, kuma gashinki ya fi buƙata, don rilaksa yana barin ɓawon sili a buɗe, komai ya samu ya shige. Irin wanda ake haɗa ruwa da kirim kafin a shafa, kalsiyam ne a cikinsa, yana barin nasa farin a kai tun kafin ruwan rijiya ya ƙara. Amma ranar da aka sa shi, ruwan sama ba ya maye gurbin shamfun da ke kashe kaifinsa, wanda ke zuwa cikin kwalin. Kaifin rilaksa ya kai 12 ko fiye a ma'aunin pH, ɗan tsamin ruwan sama bai isa ya taɓa shi ba. In kuma ya ƙona miki fata, sai tafasasshen ruwa har ta warke.

15. Da kitso a kaina, zan iya ɗaurayewa ba tare da na tsefe ba?

Za ki iya. Bi layin tsaga da ruwan a hankali, ki danna da tafin hannu, kada ki cuɗa. Abin kula shi ne bushewa. Kitson da aka rufe da ɗankwali da hula da hijabi yana jiƙe, a danshin Agusta, kwana ɗaya ya isa ya yi tsami, sai a ce ruwan sama ne ya sa wari. Yi da hantsi ranar da ba fita, ki bar kan a buɗe a cikin gida har gindin kitson ya bushe.

16. Ya halatta a yi wankan tsarki da alwala da shi?

Ƙwarai. Ruwan sama mai tsarki ne mai tsarkakewa, Alƙur'ani ya faɗi haka a Suratul Furƙan aya ta 48, a Suratu Ƙaf aya ta 9 kuma ya kira shi mai albarka. Inda mata ke tuntuɓe shi ne gauraye. A mazhabar Malikiyya da aka karantar da mu, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canja da abu mai tsarki kamar tsamiya, karkashi ko sabulu, ya halatta ga wanki da sauran al'ada, amma ba ya ɗauke janaba ko haila. Wanda ya canja da mazauninsa, kamar ƙasa ko gansakuka, yana nan da hukuncinsa. Don haka ki ware bokitin da ba a sa masa komai ba.

Game da tsefe kitso, hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ya nuna ba sai an kwance ba don wankan janaba, a zuba ruwa sau uku ya ratsa. Kitson da aka cika wa zare ko ya ɗaure har ruwa ba ya shiga, wannan a kai wa malamai.

17. Yara fa, da mai jego? Ba ya sa mura?

Mura ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga wani, amma ba wanda ya ce dole a zuba shi da sanyinsa. Ɗumama shi ba ya rage masa komai, mai jego ta dafa abinta yadda aka saba. Jariri sai tafasasshe da ya huce. Abin tsoro ga yara ba murar ba ce. Buɗaɗɗen duro ko baho cike da ruwa a tsakar gida, yaro mai rarrafe yana iya kifawa ciki cikin ƙiftawar ido ba tare da an ji motsi ba. A rufe, a ɗora dutse. Masu tura 'yan mata su tsaya ƙarƙashin indararo ana tsawa kuma su bari. A tara a bokiti, a yi wankin bayan an ɗauke.

18. Ajiyata ta ƙare tun Fabrairu. Me zan yi kafin damina?

Tsami ne ke narkar da farar ƙasa, kuma yana cikin kicin ɗinki. Jiƙa tsamiya sili biyu ko uku a lita 1 na ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, ki tace. Ko ruwan rabin lemon tsami, ko cokali biyu na khal, a lita 1. Zuba bayan wanki, ki bar shi minti biyu, ki bi da ruwa kaɗan. Sau ɗaya a mako biyu ya isa; in aka matsa, shi ma busarwa yake yi, kuma ki kiyaye ido.

Tafasa ruwan rijiya yana sauke wani kaso na kalsiyam, shi ne ɓawon da ke gindin buta: tafasa, bari ya huce ya kwanta, ki tsiyaye na sama. Amma nauyin da ya fito daga jifsam ko a kwana ana dafawa ba ya sauka. Ruwan leda wani mai laushi ne wani ba haka ba, gwada shi da gora kafin ki sayi jaka. Jaka ɗaya mai ƙulli 20 lita 10 ce, ɗauraya biyu ko uku. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da kalsiyam, sai dai ya bi ta ƙura da datti, a tace a tafasa. Kanwa da toka kuwa ki nisanta su da kanki.

19. Na yi wata guda ina yi, ban ga wani canji ba. Me ya faru?

Ɗaya daga cikin uku ne galibi. Ko ruwan gidanku dama mai laushi ne, babu abin da za a cire. Ko ruwan saman ya ɗauko farar ƙasa daga soro ko tankin siminti, ki koma amsa ta 6 da ta 8. Ko kuma abin da ya taru a gashin ya yi kauri, shekara da shekaru na farar ƙasa da basilin da man gashi mai danƙo, wanda ruwan sama ba ya kankarewa, hana sabon taruwa kawai yake yi. In wannan ne, wanke kan sau biyu a jere da shamfu mai fitar da maiƙo, ki bi da ɗaurayar tsamiya, sannan ki fara ƙirga daga ranar. Ki duba bakin gashin kuma: in ya tsattsage ya yi reshe, almakashi ne maganinsa, a datse santimita 1 ko 2 kafin a yi sabon kitso.